Tekun Dirac da Fankon da Ba Fanko Ba

A shekarar 1928 masanin Ingila Paul Dirac ya rubuta lissafin da ke bayyana halin ilektiron, sai lissafin ya zo masa da baƙon da bai gayyata ba: matakan kuzari da ke ƙasa da sifiri. In haka ne, me zai hana kowane ilektiron ya yi ta gangarawa cikin ramin da ba shi da gindi?

Dirac ya ce ai ramin a cike yake. A 1930 ya kawo ra'ayin cewa abin da muke kira fanko teku ne maƙil da ilektiron, kowane gurbi da mai shi, kuma ƙa'idar Pauli ta hana biyu su haɗa gurbi ɗaya. Idan aka fizge ɗaya, gurbinsa zai bayyana tamkar ƙwaya mai kishiyar caji. Da fari ya zaci furoton ne, har Hermann Weyl ya nuna dole nauyinta ya yi daidai da na ilektiron. A 1932 Carl Anderson ya ga sawun wannan ƙwaya, wato fozitiron, a Kalifoniya.

Tekun nan yana burge ni, amma ban gamsu da shi ba. Akwai ƙwayoyin da ƙa'idar Pauli ba ta hau kansu ba, don haka ba za su taɓa cika teku ba, alhali a 1934 Pauli da Weisskopf sun nuna su ma suna da kishiyoyi. Duk da haka hikimar gurbi ba ta mutu ba. Da ita ake bayanin silikon da ke cikin wayarka, mai karatu.

Stueckelberg a 1941, da Feynman a 1949, suka ɗauki fozitiron a matsayin ilektiron mai tafiya da baya cikin lokaci. A ganina wannan dabarar lissafi ce mai kyau, ba labarin komawa jiya ba.

Bayanin da na fi karkata gare shi ya ce fili ɗaya ne ya game sarari, ilektiron da fozitiron duk motsinsa ne, fanko kuwa shi ne halinsa mafi ƙarancin kuzari. A kan ilektiron, duka ukun amsa ɗaya suke bayarwa a ɗakin gwaji. Sai dai na ukun ma da sauran rina a kaba: kuzarin da ake ƙiyasta wa fanko ya zarce wanda masu nazarin sararin samaniya ke aunawa da ninkin da kan kai ɗaya da sifiri 120 a bayansa.