Ƙuri'a 33 da 29: majalisar dattawan New York da ta daɗe tana rufe wa baƙi ƙofa

A tsakiyar watan Disamba na 2019, cikin sanyin da ke fasa leɓe, dogayen layuka suka cika ƙofofin ofisoshin ba da lasisin tuƙi a birnin New York. Wasu tun kafin asuba suka kama layi. Akasarinsu baƙin haure ne marasa takardun zama, waɗanda suka yi kusan shekara ashirin doka ba ta ba su damar mallakar wannan ƴar takarda da a gida ake kira permi ba. Ga mai kai wa mutane abinci a mota, ko mai aikin gini a bayan gari inda bas ba ta zuwa, rashin permi na nufin kowane fitilar ɗan sanda a madubi na iya zama mafarin hanyar komawa gida ba shiri.

Ba a Washington aka warware wannan matsala ba, ba kuma shugaban ƙasa ne ya sa hannu ba. An warware ta ne a garin Albany, hedikwatar jahar New York, a zauren majalisar dattawan jaha, ranar 17 ga Yuni 2019, da ƙuri'a 33 da 29. Doka na buƙatar ƙuri'a 32 kafin ta wuce a wannan zaure, wato da ƙyar ta sha.

Ƴan Nijar da ke zaune a Bronx da Harlem, inda ƴan kasuwar Hausawa da Zabarmawa suka fara kafa tebura tun shekarun 1980 da 1990, sun fi sanin sunan magajin gari da na shugaban ƙasa. Amma kuɗin hayar ɗaki, da permi, da tallafin karatun yara, da mafi ƙarancin albashi, duk ta Albany suke biyowa. Kuma a Albany, wurin da ƙudurori suka saba mutuwa shi ne majalisar dattawa.

Tsarin na iya rikita wanda ya saba da na gida. A Nijar zaure ɗaya aka sani na majalisar dokoki. A Najeriya akwai majalisar dattawa, amma a Abuja kaɗai. Jahohi zaure ɗaiɗai gare su. A Amurka kuwa jahohi 49 cikin 50 kowace na da zaure biyu nata na kanta, Nebraska ce kawai ke da ɗaya. New York na da majalisar wakilai mai kujeru 150 da ta dattawa mai kujeru 63, kuma ana sake zaɓen su duka kowace shekara biyu. Babu ƙudurin da zai isa teburin gwamna sai zaurukan biyu sun amince da shi kalma da kalma.

Majalisar dattawan ta girmi tsarin mulkin Amurka kansa. An kafa ta ƙarƙashin tsarin mulkin jaha na 1777, ana tsakiyar yaƙin neman ƴanci daga Ingila. Sanatoci 24 aka tanada, kuma zamansu na farko a garin Kingston suka yi shi, cikin gidan dutse na wani ɗan kasuwa, saboda birnin New York na hannun sojojin Ingila. Ba su daɗe ba: a watan Oktoba na wannan shekara sojojin suka ƙone Kingston, ƴan majalisa suka watse. Gidan na nan har yau, an mai da shi gidan tarihi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin kafa ta. Wanda zai zaɓi ɗan majalisar wakilai, ya isa ya mallaki fili na fam 20. Wanda zai zaɓi sanata kuwa, sai yana da na fam 100. Tun daga tushe, zauren masu gonaki da dukiya ne, wanda aikinsa taka wa talakawa birki in sun ɗauko gudu. Tsarin mulkin 1821 ya sassauta sharaɗin dukiya ga farar fata, amma ya ɗora wa baƙar fata sharaɗin mallakar fili na dala 250, abin da bai kau ba sai 1870.

Da sharaɗin dukiya ya faɗi, sai aka koma ga taswira. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, birnin New York ya cika maƙil da baƙi daga Ayalan, Jamus, Italiya da gabashin Turai, kuma galibinsu jam'iyyar Democrat suke bi. Babban taron gyaran tsarin mulki na 1894, wanda ƴan Republican suka mamaye, ya rubuta ƙa'ida cewa babu gundumar da za ta samu fiye da kashi ɗaya cikin uku na sanatoci, kuma gundumomi biyu masu maƙwabtaka ba za su wuce rabi ba. Ba a ambaci suna ba, amma kowa ya san da wa ake: Manhattan da Brooklyn. Ko birnin zai haɗiye yawancin jama'ar jahar, ba zai taɓa haɗiye majalisar dattawa ba.

Wannan shinge ya yi shekara 70 a tsaye. Sai ranar 15 ga Yuni 1964 kotun ƙolin Amurka, ƙarƙashin Earl Warren, ta yanke hukunci a shari'ar Reynolds da Sims cewa dole zaurukan jaha biyu su raba kujeru bisa yawan mutane, domin mutane ake wakilta, ba itatuwa ko eka-ekar gona ba. A rana guda kotun ta soke tsarin New York a wata shari'ar dabam. A shekarar ce kuma Constance Baker Motley, lauyar da ta yi suna a fafutikar ƴancin baƙar fata, ta zama baƙar mace ta farko da ta shiga zauren.

Mai karatu zai zaci daga nan komai ya canja. Ko kusa. Ƴan Democrat sun karɓi rinjaye a 1965, suka ɓata makonni suna rigimar wanda zai jagorance su, kafin shekara ta ƙare an sake zaɓe sun rasa. Daga nan ƴan Republican suka riƙe zauren har zaɓen 2008, fiye da shekara arba'in, a jahar da tun 1988 ba ta sake zaɓen ɗan takararsu na shugaban ƙasa ba. Sirrin ba boyayye ba ne. A wancan lokaci, duk bayan ƙidayar jama'a, masu rinjaye a kowane zaure su ke zana iyakokin mazaɓunsu, kowa ya kau da kai daga na ɗan'uwansa. Akwai ma dabarar ƙirga fursunoni: dubban ƴan birni da ke tsare a gidajen yarin arewacin jahar ana lissafa su a matsayin mazauna ƙauyukan da aka tsare su, duk da ba su da ƙuri'a, abin da ke ƙara wa mazaɓun karkara nauyi. Sai 2010 aka yi dokar da ta hana hakan.

Nasarar 2008 ma ba ta yi ƙarko ba. Rinjayen Democrat 32 da 30 ne, lokacin kujerun 62. Ranar 8 ga Yuni 2009, sanatoci biyu na jam'iyyar, Pedro Espada na Bronx da Hiram Monserrate na Queens, suka haɗa kai da ƴan Republican suka kifar da shugabancin zauren. Mako ɗaya bayan nan Monserrate ya koma gida, aka tsaya 31 da 31. A al'ada mataimakin gwamna ke raba gardama, to amma kujerar babu kowa a kanta, tunda David Paterson ya zama gwamna bayan murabus ɗin Eliot Spitzer. Wata guda cur majalisa ta tsaya cik, ɓangarori biyu kowa na cewa shi ne mai gida, har da kulle ƙofar zaure. Rikicin ya ƙare ne da aka ba Espada muƙamin jagoran masu rinjaye don ya dawo. Daga baya kotu ta ɗaure shi shekara biyar kan satar kuɗin asibitocin da yake gudanarwa a Bronx. Wanda ya taɓa ganin ƴan majalisa na sauya sheƙa a daren zaɓen shugaban majalisa a yankinmu ba zai sha mamaki ba.

Abin da ya fi ɗaure wa masu zaɓe kai ya zo ne a 2011, lokacin da Jeff Klein, shi ma sanatan Bronx, ya ɓalle da wasu ƴan Democrat uku suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da IDC. Bayan zaɓen 2012 lissafi ya nuna Democrat ke da rinjaye, amma ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniyar raba mulki da Republican. A zaure irin wannan, jagoran masu rinjaye shi ke yanke wane ƙuduri zai zo a kaɗa masa ƙuri'a, wane zai kwana a aljihun tebur. Ƙudurin ba ɗaliban da ba su da takardu tallafin karatun jami'a ya sha wucewa a majalisar wakilai. Da ya samu shiga zauren dattawa a Maris 2014, ya tsaya a ƙuri'a 30. Batun permi kuwa, tun da gwamnatin George Pataki ta tsaurara sharuɗɗa bayan harin 11 ga Satumba 2001, gwamna Spitzer ya gwada gyarawa da kansa a 2007, ya sha suka ya janye.

Ƙarshen IDC ya zo ne daga unguwanni. A zaɓen fid da gwani na Satumba 2018, irin zaɓen da mutane ƙalilan ke fita, shida cikin takwas na tsoffin ƴan ƙungiyar suka faɗi, har da Klein da Alessandra Biaggi ta kayar. A Nuwamba Democrat ta samu rinjaye mai ƙwari, kuma a Janairu 2019 Andrea Stewart-Cousins ta zama mace ta farko, kuma baƙar mace ta farko, da ta jagoranci zauren bayan shekara 242 da kafuwarsa.

Cikin wata shida abubuwan da suka maƙale shekara da shekaru suka wuce. Tallafin karatun ɗalibai ya zama doka da sunan José Peralta, ɗaya daga ƴan IDC da suka faɗi, wanda ya daɗe yana ɗauke da ƙudurin kuma ya rasu kafin ya ga nasararsa. A Yuni aka ƙarfafa dokar kare ƴan haya, wadda ta taƙaita kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa zuwa hayar wata ɗaya. Sai dokar permi, wadda sanata Luis Sepúlveda na Bronx ya gabatar: ta amince da fasfo na ƙasar waje a matsayin shaida, ta kuma hana ofishin lasisi miƙa bayanan mutane ga jami'an shige da fice sai da umarnin kotu. Ko a ranar, sanatocin Democrat na Long Island ba su goyi baya ba, don tsoron masu zaɓensu. A 2021 kuma majalisa ta ware dala biliyan 2.1 ga ma'aikatan da tallafin korona na tarayya bai shafa ba saboda rashin takardu.

Zauren ya kuma fara nuna wa gwamna haƙora. Shi ke tabbatar da manyan alƙalai da gwamna ya zaɓa, kuma a Fabrairu 2023 ya ƙi amincewa da Hector LaSalle, wanda Kathy Hochul ta gabatar don shugabancin kotun ƙolin jaha, da ƙuri'a 39 da 20.

Baƙon da bai zama ɗan ƙasa ba ba ya zaɓen sanata, amma ƙidayar jama'a na lissafa shi, kuma da wannan lissafi ake yanka mazaɓu. Yaran da aka haifa wa ƴan Maraɗi da Damagaram a asibitocin Bronx kuwa ƴan ƙasa ne, da yawansu sun kai shekarar zaɓe.

Rinjayen Democrat ya kai kujeru 43 a zaɓen 2020, ya sauka 42 a 2022, ya koma 41 a 2024, ƙasa da kashi biyu cikin uku da ake buƙata don tsallake hawan kujerar na-ƙi na gwamna. A Fabrairu 2025 kuma ma'aikatar shari'a ta gwamnatin Donald Trump ta maka jahar New York a kotu kan dokar permi, musamman sashen da ya hana miƙa bayanan direbobi.