RAINA KAMA KA GA GAYYA: YADDA AKA MAI DA TARIHIN RUMAWA ABIN DARIYA

A shekarar 1934 ne wani Bature ɗan Ingila, Robert Graves, ya fitar da littafinsa mai suna I, Claudius. Ya rubuta shi ne yana zaune a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, bashi ya yi masa katutu. Littafin ya karɓu ƙwarai, har a shekarar 1976 gidan BBC ya mai da shi wasan talbijin.

Labarin ya shafi gidan sarautar Rumawa ne, inda ake kashe-kashe saboda gadon mulki. To, yaya za a yi mutum ya ba da irin wannan labari har mai karatu ya yi dariya?

Dabara ta farko, Graves ya sa labarin a bakin Kalaudiyas, wani ɗan sarauta mai in'ina da ɗingishi, wanda danginsa suka ɗauka wawa ne. Wannan raini kuwa shi ya tsirar da shi. Masu wayo da masu jarunta duk an gama da su, shi ko yana gefe yana kallo. Da aka kashe Sarki Kaligula a shekara ta 41 Miladiyya, sai wani soja ya tarar da Kalaudiyas, baffan marigayin, ya ɓuya bayan labule yana makyarkyata. Yana jiran takobi, sai ya ji an naɗa shi sarki. Ya yi mulki har shekara ta 54.

Dabara ta biyu, marubucin bai wahalar da kansa wajen ƙaga abin dariya ba, don tsofaffin malaman tarihin Rumawa, wato Suwetoniyas da Tasitas, sun riga sun tanada. Suwetoniyas ya ce an ruwaito Kaligula ya yi niyyar ba dokinsa babban muƙamin mulki. Ya kuma ce wata rana ana cin abinci sarkin ya ƙyalƙyale da dariya. Da manyan gari biyu da ke kusa da shi suka tambayi dalili, sai ya ce ya tuna ne da kaɗa kai ɗaya zai sa a yanka su duka. Inda tarihi ya tsaya ga jita-jita, kamar zargin da ake wa Libiya matar Sarki Agustas na sa guba, nan Graves ya cike da ƙagensa.

Amma fa dariyar ba ta rage ɗacin kisan ba. Abin da take tonawa shi ne halin fadawa, masu tafa wa sarki saboda tsoro har haukarsa ta zama doka. Jama'a su lura, lokacin da littafin ya fito, Hitila bai daɗe da hawa mulki a Jamus ba, Musolini kuwa yana riƙe da birnin Rum ɗin kansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.