Gidan Cuku Na Hawes: Yadda Madarar Ƙauye Ta Ke Zama Kuɗi

Kowane mai shanu ya san wahalar madara. Hatsi a kan zuba shi a rumbu ya shekara, gyaɗa ta kan jira mai saye wata da watanni, amma madarar da aka tatsa da safe, in ba a yi mata dabara ba, kafin la'asar ta juya. Da damina ta yi yawa har ta rasa mai saye, da rani kuwa a neme ta a rasa. Manoman wani kwari a arewacin Ingila sun daɗe suna fama da irin wannan wahala, maganin da suka samo kuwa shi ne cuku. Labarin gidan cukunsu ya isa manomi da ɗan kasuwa da akawu su saurara, gama kowannensu yana da abin ɗauka a ciki.

Sunan kwarin Wensleydale, a cikin lardin Yorkshire. Ƙasa ce ta tuddai da sanyi da yawan ruwan sama, hatsi ba ya yi sosai, amma ciyawa sai wadda ta gani. Saboda haka arzikin mutanen wurin tumaki ne da shanu. Kowace gona an kewaye ta da katangar duwatsu, a tsakiyar filayen kuwa ga ɗakunan dutse inda a dā a ke ajiye ingirici, a kuma killace shanu lokacin sanyi. A can saman kwarin akwai wani ɗan gari wai shi Hawes, mutanensa sun ɗara 1,000 kaɗan, kasuwarsa tana ci ran Talata. A gefen garin nan gidan cukun ya ke.

Abin Da Baƙo Ya Ke Gani

Magidanta da yawa su kan ɗebi iyalinsu ran hutu su tafi Hawes don yara su ga inda abincinsu ya ke fitowa. In sun isa, a kan fara shigar da su wani ɗaki inda aka tara kayan aikin mutanen dā: bokitan tatsa, da tukwanen kaɗa mai, da manyan duwatsun da a ke danne cuku da su. Daga nan sai su wuce wani zaure mai tagogin gilashi, su tsaya suna leƙen ma'aikata. Ba a barin baƙo ya shiga wurin aikin kansa, domin ƙazanta kaɗan ta isa ta ɓata madarar yini guda. Ma'aikatan duka suna sanye da fararen riguna da huluna da takalman roba.

Aikin kuwa ga yadda ya ke tafiya. Motocin tanki su kan zaga gonakin kwarin su kwaso madara. Kafin a sauke ta sai an auna yawanta, an kuma gwada tsabtarta da yawan man da ke cikinta, a rubuta. Sa'an nan a ɗumama ta zuwa digiri 72 na tsawon daƙiƙa 15, don a kashe ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka da na bakkale, a sāke sanyaya ta, a zuba cikin wani dogon komi na ƙarfe mara tsatsa.

A cikin komin nan a ke zuba abu biyu. Na farko shi ne iri, watau ƙwayoyin da ke sa madara tsami. Wannan ba baƙon abu ba ne ga matan Filani, gama aikin da ragowar nonon jiya ya ke yi ke nan in an zuba sabuwar madara a kansa a ƙwarya. Na biyu shi ne maganin daskarewa. A dā daga tumbin ɗan maraƙi mai shan nono a ke samunsa, yanzu kuwa masu cuku da yawa suna amfani da wanda a ke samu daga wani irin naman gwari da a ke renonsa musamman. Aikinsa ɗaya ne da na ruwan tumfafiya wanda masu yin wara ke sa wa madara. Kafin awa guda sai madarar ta kama, ta yi kamar kindirmo mai kauri.

To, sai a kawo wuƙaƙe masu layi-layi a yayyanka ta ƙanana, a yi ta motsawa a hankali, ruwa ya riƙa fita yana barin gudaji. A tsiyaye ruwan, a yanka gudajin tubali-tubali, a yi ta juya su da hannu har su tsane. Sa'an nan a barbaɗa gishiri, a marmashe, a cusa cikin mazubai, a danne. In an fitar, waɗansu a kan naɗe su da farin ƙyalle mai shara-shara, waɗansu a tsoma su cikin kakin zuma ko irinsa, a jera a ɗaki mai sanyi. Sabon cukun Wensleydale fari ne, mai marmashi, da ɗan tsami-tsami, ya kan isa ci cikin mako uku ko kusa da haka. Wanda a ke so ya yi ƙarfi kuwa a kan bar shi watanni.

Lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe shi ne wannan: wajen lita 10 ta madara ke ba da kilo ɗaya na cuku. Tsofaffin Turawa su kan ce galan guda, laba guda. Watau madara lita 1,000 wadda sai da tanki, kuma dole ta isa birni yau, ta koma kaya mai nauyin kilo 100 wanda zai iya jiran kasuwa. Ruwan da aka tsiyaye ma ba a zubar da shi. A dā dabbobi a ke ba, a 2019 kuwa gidan ya ƙulla yarjejeniya a riƙa kai shi wata ma'aikata inda a ke fitar da iskar gas daga cikinsa.

Kantin Gidan

Daga zauren kallo iyali su kan faɗa kanti, a nan ne kuwa yara suka fi murna. An jera cuku iri-iri a kan dogon tebur, gaban kowane iri ga 'yan gutsattsari a faranti, kowa ya ɗanɗana kafin ya saya. Akwai fari, akwai mai hayaƙi, akwai mai shuɗin jijiya, akwai wanda aka cuɗa da waɗansu jajayen 'ya'yan itace masu tsami. A gefe kuma ga zuma da biskit da kek mai zabibi da sauran kayan ci na lardin, gama al'adar mutanen Yorkshire ce su ci cukun nan tare da kek, musamman lokacin Kirsimeti. Akwai kuma ɗakin cin abinci da na shan shayi.

Kantin nan ba don ado aka yi shi ba. Cukun da aka sayar wa babban ɗan kasuwa a birni, ribarsa rabawa a ke yi da mai mota da dillali da mai kanti. Wanda aka sayar a bakin ƙofa kuwa, kuɗinsa duka a gidan ya ke tsayawa. Har wa yau baƙon da ya zo don cuku ya kan sha mai a garin, ya ci abinci, wani ma ya kwana. Wanda ya ga aikin da idonsa kuma, in ya koma birni ya ga sunan a kanti, shi zai ɗauka.

Sau Biyu Yana Kusan Mutuwa

Mai kallon wannan ciniki zai zaci haka abin ya ke tun fil'azal. Ko kusa. Asalin cukun daga waɗansu 'yan zuhudu ne Kirista da suka zo daga Faransa wajen shekarar 1150, suka zauna a kwarin, suna yinsa da madarar tumaki. Daga baya aka koma ta shanu. Da Sarki Henry na 8 ya rushe gidajen zuhudu, nasu na Jervaulx ya faɗi a 1537, sai sana'ar ta koma hannun matan manoma, kowace tana yi a ɗakinta. Haka aka yi ta tafiya har 1897, sa'ad da wani ɗan kasuwar hatsi na Hawes, Edward Chapman, ya fara sayen madara daga gonaki yana yin cukun a wuri ɗaya.

Da kasuwar duniya ta faɗi bayan 1930, gidan ya rasa abin biyan manoman da suka ba shi madara bashi, aka tasam ma rufe shi. A 1935 wani manomi ɗan garin, Kit Calvert, ya tara 'yan'uwansa ya nuna musu cewa in gidan ya mutu, madararsu sai yadda mai saye na nesa ya ga dama da ita. Suka haɗa jari suka karɓi gidan, shi ya zama manaja. Suka tsallake Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta juya yawancin madarar cuku ga iri ɗaya tak don rabon abinci, abin da ya kashe sana'ar cuku a gidajen manoma da yawa. A 1953 Calvert ya gina sabon gida, a 1966 kuma aka sayar da shi ga Hukumar Cinikin Madara ta Ingila.

Nan ne riƙon ya fita daga hannun mutanen kwarin. A watan Mayu 1992 kamfanin Dairy Crest, wanda ke ƙarƙashin hukumar, ya rufe gidan, mutum 59 suka rasa aiki, aka mai da yin cukun zuwa Lancashire, lardin maƙwabta. A garin da bai fi mutum dubu da 'yan kai ba, wannan ba ƙaramar masifa ba ce. Mutanen gari suka tashi da kuka, waɗansu tsofaffin manajojin gidan tare da wani ɗan kasuwa na yankin suka nemo kuɗi suka saye shi. A watan Nuwamba na shekarar nan aka sāke buɗewa da ma'aikata 11, cuku ya fito kafin Kirsimeti. Daga wannan ɗan mafari gidan ya girma har ma'aikatansa suka wuce 200.

Wahalar 1992 ta koya musu abu guda: muddin kowa yana iya yin cuku a ko'ina ya kira shi Wensleydale, to, ana iya ɗauke musu sana'a a bar su da suna. Saboda haka suka nemi doka ta tsare sunan. A 2013 Tarayyar Turai ta yarda cewa ba wanda zai rubuta Yorkshire Wensleydale a kan cukunsa sai in a yankin aka yi shi, bayan Ingila ta fita daga Tarayyar kuma dokar ƙasar ta ci gaba da tsare shi. A 2021 kamfanin Saputo na Kanada ya sayi gidan a kan fam miliyan 23. Mai gida ya sāke, amma wanda duk ke son sayar da cuku da sunan nan, dole a yankin zai yi shi.

Abin Ɗauka

Cuku ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabta. Buzaye suna busar da nasu fale-fale ya yi watanni, masu wara kuma suna dafa tasu da tumfafiya, sai dai ita ba ta jimawa in ba a soya ta ba. Abin da ya bambanta Hawes shi ne tsari, tsarin kuwa kashi huɗu ne.

Na ɗaya, tarawa. Saniyar gida mai ba da lita ɗaya ko biyu a yini ba ta isa a kafa sana'a a kanta ba, amma madarar ruga 30 ta isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, tsabta. Madarar mutum ɗaya mai datti ta kan ɓata ta mutum 29, don haka sai an wanke hannu da hantsa da mazubi, an tace, an kawo da wuri, an kuma yarda a mayar wa kowa da tasa in ta kāsa, ko ɗan'uwan shugaba ne.

Na uku, littafi. Bashin madara ne ya kusa kashe gidan Hawes kafin 1935. Makiyayin da aka auna masa a gabansa, aka rubuta, aka biya shi ran da aka ce, shi ne zai komo gobe. Wannan aikin akawu ne, kuma bai fi na mai dafa cuku ƙanƙanta ba.

Na huɗu, riƙo. Sau biyu gidan ya tashi faɗuwa, sau biyu kuwa mutanen da shanunsu da albashinsu ke rataye da shi ne suka tare shi. Manoman da suka kafa irin wannan gida, in wani babban kamfani ya zo da tayi mai kyau, kafin su sa hannu sai su tambaya a rubuce: ina za a riƙa yin aikin, madarar wa za a saya, sunan kuma na wane ne?