Darasin Ayarin Fatake ga Ɗaliban Injiniya

Hanyar jirgin ƙasa daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa kilomita 186 ce, an buɗe ta a shekarar 2016. Ba gwani ɗaya ya yi ta ba. Da mai awon ƙasa, da mai gina gada, da mai shimfiɗa ƙarfe, kowa sai da ya jira ɗan'uwansa.

Saboda haka ya wajaba malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su haɗa wa ɗaliban injiniya lissafi da aikin gayya. Fataken Gwanja sun san wannan tuntuni: madugu ke shugabanci, jagaba ke duba hanya, uban dawaki ke tara kuɗin fito, kuma ba a tashi sai an ƙidaya zango da guzuri. Haka ɗalibi zai koyi raba aiki, da cika wa'adi, da sauraron na ƙasa da shi. Wanda ya ga tsaga a gada ya yi shiru don kunyar shugaba, alhakin matafiya na wuyansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa a gane, amin.