Yadda Aka Kafa Rumfunan Zaɓe a Zamanin Turawa

Jama'a, idan ranar zaɓe ta zo, kowa ya san inda zai nufa. Wani makarantar firamare, wani bakin kasuwa, wani gindin bishiya. To, ko kun taɓa tambayar wanda ya ce a sa rumfar a wurin? Ajiye rumfar zaɓe ba ƙaramin aiki ba ne. Bari mu koma baya mu ga yadda aka fara.

Kafin a sami rumfa

A shekarar 1951, lokacin mulkin Turawan Ingila, an yi zaɓen 'yan majalisa a Nijeriya. A Arewa zaɓen hawa-hawa aka yi. Mutanen ƙauye su taru su fid da wakilansu. Waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu. A haka har a kai lardi, inda ake fid da waɗanda za su tafi majalisa a Kaduna. En'e ma tana da ikon ƙara nata mutanen kafin hawan ƙarshe. Saboda haka talaka bai zaɓi ɗan majalisarsa da hannunsa ba. Muryarsa takan ɓace tun a hanya.

Zaɓen 1959

Da lokacin samun mulkin kai ya matso, sai aka shirya babban zaɓe na Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Legas. An yi shi ranar Asabar, 12 ga Disamba, 1959. Wannan ne karo na farko da duk ƙasar ta zaɓi wakilanta kai tsaye, kuma a asirce.

An kafa hukumar zaɓe, shugabanta wani Bature ne mai suna Wraith. Aka raba ƙasa mazaɓu 312. Arewa ta sami 174. Kowace mazaɓa wakili ɗaya za ta aika.

Daga nan aka shiga rajista. Sai wanda ya kai shekara 21 ake rubutawa. A Kudu maza da mata aka rubuta. A Arewa kuwa maza kaɗai. Mutum wajen miliyan 9 suka yi rajista a ƙasa baki ɗaya. Kowa kuma sai an san inda zai je ya jefa ƙuri'arsa. Nan aikin yake.

Me ake dubawa?

Abu na farko shi ne nisa. A lokacin motoci kaɗan ne, hanyoyi ma kaɗan ne. Mutum da ƙafa zai zo, ko a kan jaki, ko keke. Idan rumfa ta yi nisa, tsoho ba zai iya zuwa ba. Makiyayi ba zai bar shanunsa yini guda ba. Rumfar da ta yi nisa daidai take da ƙwace wa mutum ƙuri'a. Yin zaɓen a Disamba ya taimaka, domin ruwa ya ɗauke, rafuka sun ja baya, an kuma ci ƙarfin girbi.

Abu na biyu shi ne yawan mutane. A yini ɗaya ake son a gama. Idan aka tara wa rumfa ɗaya mutanen da suka fi ƙarfinta, rana za ta faɗi da sauran jama'a a layi. Shi ya sa aka buɗe dubban rumfuna, aka ɗauko malaman makaranta da akawuna aka koya musu aikin.

Abu na uku shi ne sirri, kuma shi ya fi muhimmanci. A wancan zaɓe kowane ɗan takara da akwatinsa. A jikin akwatin akwai alamar jam'iyyarsa, saboda yawancin jama'a ba su iya karatun boko ba. Alamar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello fartanya ce. Ta NEPU ta Malam Aminu Kano tauraro. Ta NCNC zakara, ta AG kuwa bishiyar kwakwa. Malamin zaɓe zai duba sunanka, ya ba ka takardar ƙuri'a. Sai ka shiga bayan kariya kai kaɗai, ka jefa a akwatin da kake so. Ke nan dole wurin ya zama yana da lungun da ido ba ya kaiwa.

A inuwar wa?

Ga inda gizo ke saƙar. A wancan zamani En'e ce ke riƙe da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari. Hakimi da dagaci su ke karɓar haraji. Manyan NPC da yawa kuma ma'aikatan En'e ne. 'Yan hamayya sun sha kukan cewa ana hana su izinin taro, ana kuma kama magoya bayansu.

To, a ce an kafa rumfa a ƙofar gidan wanda ke karɓar harajinka. Ko da ba wanda ya ce maka uffan, gabanka zai faɗi. Kowa ya san ba a shiga gidan mutum a ce masa a'a cikin sauƙi. Don haka wurin da ya fi dacewa da rumfa shi ne wurin kowa da kowa, kamar makaranta ko fili.

Duk da wahalhalu, fiye da mutum miliyan 7 suka fito. NPC ta fi kowa yawan kujeru. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, shi ya karɓi mulkin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Matan Arewa kuwa sai a 1976 suka sami 'yancin zaɓe.

Maganar ba ta mutu ba

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A shekarar 2021 hukumar zaɓe ta ƙasa ta ƙara yawan rumfuna daga wajen 120,000 zuwa 176,846, don rage nisa da cunkoso. Ta kuma ɗauke rumfuna 749 daga wuraren da ba su dace ba. A cikinsu akwai na gidajen mutane, da fadojin sarakuna, da masallatai, da coci-coci. Kun ga abin da aka duba a 1959, shi ake dubawa har bayan shekara 60.

Saboda haka, ɗan'uwa da 'yar'uwa, ku ɗauko katinku na zaɓe ku karanta. Lambar rumfarku tana rubuce a jiki. Yanzu da kuka iya karatu, ba sai wani ya karanta muku ba. Ku je ku ga wurin tun kafin ranar. Idan ya yi nisa ƙwarai, ko yana inda ba za ku sake ba, ku haɗu ku rubuta takarda zuwa ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarku. Tun ran gini ake zane.