Nimoniyar Tsofaffi: Ƙwayoyin Da Ke Kisa Ba Tare Da Zazzaɓi Ba

Idan nimoniya ta kama matashi ba ta ɓuya: zazzaɓi, rawar ɗari, tari mai kaki da suka a haƙarƙari. Dattijo kuwa sau da yawa jikinsa ko ɗumi ba ya yi. Sai dai a ga ya ƙi abinci, yana rikicewa, yana haki. Iyali su ce tsufa ne, alhali mugunya na taruwa a huhunsa.

Kan gaba wajen wannan ɓarna ita ce nimokokus, ƙwayar bakteriyar da Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka suka gano a 1881, kowa a ɓangarensa. Nau'inta ya haura 90. Ba daga nesa take zuwa ba. Tana zaune a hancin ƙananan yara da dama ba ta yi musu komai, don haka jikan da ke kan cinyar kaka yana iya miƙa mata ita. Shi ya sa bayan Amurka ta soma yi wa jarirai rigakafinta a 2000, cutar ta ragu har a cikin tsofaffi. Najeriya ta fara nata a 2014.

Mura ce ke buɗe ƙofa. Takan goge kariyar hanyar numfashi, sai nimokokus ko wata bakteriya mai suna sitafilokokus su samu shiga. Yawancin mamatan annobar mura ta 1918 nimoniyar da ta biyo bayan murar ce ta ƙarasa su. Ƙwayar kilebsiyela kuma ta fi farautar masu ciwon suga da waɗanda suka daɗe kwance a asibiti, ga ta da taurin kai ga magunguna.

Amma nimoniyar da aka fi yi wa sakaci, a ganina, ita ce ta sarƙewa. Tsohon da ya samu shanyewar ɓarin jiki haɗiya na yi masa wuya, tarinsa ba ƙarfi. Yawu ko kunu kan zarce huhu, ɗauke da ƙwayoyin bakinsa. A ɗura masa koko yana kwance da sunan tausayi, cutarwa ce. A zaunar da shi kafin ya ci, a riƙa wanke masa baki.

Mai karatu, in Baba ya wayi gari a ruɗe, ƙirga numfashinsa. In ya kai 30 a minti ɗaya, kada a tsaya a kemis sayen kafso, a nufi asibiti a ranar.