FASHIN BAƘI: Ɗaura tocila a jikin bindiga: Abin da ya kamata sabon ɗan sintiri ya sani

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Ɗanbatta, wahalar manomi ta shekara guda takan kwana a fili: damman gero da dawa, buhunan gyaɗa, ga shanu a turke. Kasuwar garin da ke ci ranar Lahadi kuma tana jawo fatake da dabbobi daga Kazaure, Ɓaɓura, Daura har Jamhuriyar Nijar. Tun bayan hare-haren da 'yan bindiga suka kai wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, maganar sintirin dare ta ƙara ƙarfi a arewacin Kano, kuma matasa ne ke ɗaukar wannan nauyi.

Mai sintirin da ya saɓa bindigar toka yakan ɗaure mata tocila da robar tayar babur. Abin da sauƙi a ido, amma wannan ɗaurin na iya raba kama ɓarawo da harbin maƙwabci.

Me doka ta ce tun kafin a kai ga fitila?

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja kamar AK-47, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta mai harsashi, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai masu ɗuri ta baki, wato adaka ko bindigar toka, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani. A 2023 kuwa rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabbin lasisin ƙananan makamai.

Shiga ƙungiyar sintiri bai zama lasisi ba. Jihar Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, kuma dukkansu gwamnati ce ta ɗauke su ta horar da su. Matashin da bai da takarda, bai kuma cikin rajistar da Baturen 'Yan Sandan yankinsa ya sani da ita, to tocila da sanda da usur su ne iyakar kayan aikinsa.

Yaya ake zaɓen tocila?

Ma'auni biyu ake dubawa. Lumen shi ne yawan hasken da fitila ke fitarwa gaba ɗaya. Kandela kuwa ƙarfin hasken ne a tsakiyarsa, shi ke nuna nisan da zai kai. Tocila mai lumen da yawa amma kandela kaɗan za ta haske tsakar gida sarai, sai dai ba za ta nuna maka wanda ke tsaye a ƙarshen gona ba. A ƙasa irin ta Ɗanbatta, inda gona ke manne da gida, ana bukatar mai haɗa biyun: tsakiya mai kaifi don gane fuska, da gefe mai faɗi don ganin abin da ke kewaye.

Kada a ruɗu da manyan lambobin da ake bugawa a kwalayen tocilolin araha. Gwaji ya fi: ka tsayar da abokinka a nisan taku hamsin da dare, ka ga ko za ka shaida fuskarsa da abin da ke hannunsa. Idan ba ka shaida ba, wannan tocilar ba ta sintiri ba ce.

Launin haske ma abin lura ne. A lokacin hunturu, farin haske mai shuɗi-shuɗi yakan daki hazo ya dawo idon mai riƙe da shi, kamar yadda direba ke gani idan ya kunna babbar fitila cikin ƙura. Mai ɗan rawaya ya fi sauƙi ga ido. Sannan a nemi mai maɓalli ɗaya da ke kamawa idan an danna, ya mutu idan an saki. Mai salo biyar da ƙyaftawa takan rikita mutum a lokacin firgici.

Yawancin tocilolin caji na amfani da batirin litiyam mai lamba 18650. Wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage a jefar da shi, domin yana iya kamawa da wuta. A kuma riƙa tafiya da na ajiya a aljihu, a cikin leda, nesa da makulli da tsabar ƙarfe.

Ina ake ɗaura ta?

Bindigogin zamani suna zuwa da wani layin ƙarfe mai tsagi da ake kira Picatinny, wanda sojojin Amurka suka mayar ma'auni a 1995, inda ake ɗaure fitila da kusa. Adakar da maƙeri ya ƙera ba ta da wannan, shi ya sa ake komawa ga roba. Matsalar roba biyu ce: zafin bututu na narkar da ita, girgizar harbi kuma na karkatar da tocilar ko ta kashe ta a daidai lokacin da ake bukatarta. Maɗaurin ƙarfe mai kusa ya fi aminci.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar babu ɗuri a ciki, domin ba a gane ɗurarriyar adaka da ido. Tocilar ta zauna a gefe ko a ƙasan bututu, kanta bai wuce bakin bindiga ba. Maɓallinta ya kasance inda babban yatsan hannun da ke tallafe da bindiga zai kai, nesa da kunama. Hannun da ke kunna fitila dabam, yatsan da ke jan kunama dabam, saboda mutumin da ya razana yakan damƙe yatsunsa gaba ɗaya.

Haɗarin da ba a cika faɗa ba

Duk abin da ka haska da tocilar da ke jikin bindiga, ka riga ka auna shi da bakin bindiga. Zai iya zama yaron da aka aika kanti, ko makiyayin da ke neman tunkiyarsa, ko ladanin da ya fito kiran assalatu. Don haka masu koyar da harbi ke cewa a yi bincike da tocilar hannu, bindiga na kallon ƙasa. A sintiri na mutum biyu, ɗaya ya riƙe haske, ɗaya ya riƙe makami.

Fitila kuma tana tona asirin mai ita. Ɓarawon da ke cikin duhu yana hango haskenka tun kafin ka hango shi. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, walƙiya ɗaya ta farin haske kuwa ta isa ta rushe wannan sabon. Idan aka harba adaka, hayaƙin albarushi yakan tare hasken ya zama farin labule a gaban maharbi na ɗan lokaci.

Mafarauta sun san idon kare, akuya da saniya na ƙyalli idan haske ya dake shi, na ɗan Adam kuwa ba ya yin haka. Ganin ƙyalli ko motsi bai isa hujjar harbi ba. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta amince da haƙƙin kare kai da dukiya, amma ta hana wuce gwargwadon abin da kariyar ke bukata. Wanda ya harbi inuwa ya kashe mutum, tuhumar kisa ce ke jiransa, kuma rigar sintiri ba za ta cece shi ba.

Darasin Uromi

A ƙarshen Maris na 2025, an kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar dawowa gida hutun Sallah daga Fatakwal, bayan 'yan sintirin garin sun ga bindigogin toka a motarsu sun ɗauke su masu garkuwa da mutane. Kano ta yi kukan wannan rashi, ta kuma nemi a yi adalci. Matashin da ya fito tsaron ƙauyensu a Ɗanbatta yana tsaye ne a irin matsayin da waɗancan 'yan sintiri suka tsaya: baƙo a gabansa, zargi a zuciyarsa. Aikinsa ya haska, ya tambaya, ya miƙa wanda ake zargi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa.

Tambayoyin da suka kamata matasa su yi wa Shugaban Ƙaramar Hukuma da Hakimi su ne: wa ke riƙe da rajistar masu sintiri, wa ya horar da su, kuma gaban wa za a kai ƙara idan an harbi wanda bai ji ba bai gani ba?